Ɗan Makaranta Da Koyon Kare Kai

Tun da ƙwacen waya da sara da wuƙa suka zama ruwan dare a manyan garuruwanmu, wata sha'awa ta shiga zukatan 'yan makaranta, maza da mata, watau ta koyon dabarun faɗa irin na mutanen Japan da Koriya, su judo da karate da tekwando. Yaro ya kan komo gida ya ce wa ubansa a ba shi kuɗin shiga da na farar riga, wai zai koyi yadda zai kare kansa. Uban kuwa, in akawu ne mai jiran ƙarshen wata, sai ya rasa ta cewa, gama bai san abin ba, bai kuma san mai koyarwar ba. Daga nan sai magana ta faɗo kan malamin makaranta, don shi a ke tambaya kome. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu a fili. Mu dai muna goyon bayan a bar yara su koya. Amma akwai sharuɗɗa, in kuwa ba za a cika su ba, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da zai ba malamai sha'awa shi ne, wannan al'amari daga hannun ɗan'uwansu malami ya fito. Mutumin da ya kafa judo sunansa Jigoro Kano. Kada mai karatu ya yi tsammanin yana da wata dangantaka da birnin Dabo, suna ne kawai ya zo ɗaya. An haife shi a Japan cikin 1860, kuma ya tashi ɗan ƙanƙane marar jiki, har manyan yara suna cin zalinsa a makaranta. Wannan ne ya sa ya nemi koyon tsohuwar dabarar faɗa ta ƙasarsu da a ke kira jujutsu, daidai da dalilin da yaranmu su ke kawowa yau. Cikin 1882, yana da shekara 21 a duniya, ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a wani ɗaki na ɗakin ibada a birnin Tokyo, da tabarmi 12 da almajirai 'yan kaɗan. Bayan haka ya yi fiye da shekara 20 yana shugabancin babbar kwalejin horon malamai ta Tokyo, ya kuwa rasu cikin 1938. Haka kuma Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate Tokyo daga tsibirin Okinawa cikin 1922, shi ma malamin makaranta ne shekara da shekaru kafin sunansa ya fito.

Abin da Kano ya yi da jujutsu ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, don a nan hikimar ta ke. Tsohuwar dabarar cike ta ke da miyagun kamu, na tsone ido, da na karya wuya, da na dukan maƙogwaro. Irin waɗannan ba yadda za a yi mutum ya gwada su da iyakar ƙarfinsa a kan abokin karatunsa, sai dai a yi kwaikwayo, ɗaya ya tsaya kamar gunki, ɗaya ya nuna. Kano ya ware masu haɗarin ya ajiye su gefe guda, ya bar waɗanda za a iya yi da gaske kowace rana ba tare da an nakasa kowa ba. Sa'an nan ya sa almajirai su riƙa kamawa biyu biyu, kowa na ƙoƙarin kayar da ɗan'uwansa, kowa na ƙin faɗuwa. Da haka yaro ya kan saba da nauyin mutum mai turjiya, da numfashi mai ƙarewa, da gigitar da kan zo sa'ad da aka shaƙe masa wuyan riga. Wanda ya kayar da mai turjiya sau ɗari a kan tabarma ya fi wanda ya haddace mugun kamu hamsin bai taɓa gwada ko ɗaya ba. To, wannan shi ne ma'auni na fari da mu ke ba iyaye. In aka je wurin koyo aka tarar ba abin da a ke yi sai dukan iska da ihu, wata da watanni, ba a taɓa haɗa yara su gwada juna cikin tsari ba, lalle jiki zai motsu, gumi zai zuba, amma kada a kira wannan koyon kare kai.

Darasin fari a judo kuwa, faɗuwa ne. Sabon shiga ya kan yi makonni ba a koya masa kayar da kowa ba, sai yadda zai faɗi ta baya, da ta gefe, da yadda zai mirgina ta gaba, ya manne haɓarsa a ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugu, ya daki tabarma da dantse don ƙarfin faɗuwar ya watsu, kada kuwa ya tokare ƙasa da tafin hannu ya karye. Yara da yawa a nan su kan gaji su gudu, su ce ba abin da suka zo nema ke nan ba. Mu kuwa a ganinmu ko da yaro bai samu kome ba sai wannan, kuɗin ubansa bai tafi banza ba. A tuna yawan mutanen da mu ka sani da suka karye don sun zame a bakin rijiya, ko sun faɗo daga kan babur, a kwatanta da waɗanda ɗan fashi ya taɓa tarewa. Faɗuwa tana jiran kowa, yaro da tsoho.

Muhimmancin wannan darasi ya bayyana ta hanya mai ban tausayi a ƙasar da ta haifi judo ɗin kanta. Wani malamin Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya bi takardun haɗurran makarantu ya ƙirga, ya tarar yara fiye da 100 sun mutu wajen judo a makarantun Japan tsakanin 1983 da 2011. Mafi yawansu rauni ne na kai, kuma abin ya fi aukuwa ga sababbin shiga, 'yan shekarar fari. Yadda abin ya ke faruwa shi ne, a kan fyaɗa yaro ta baya tun bai ƙware da faɗuwa ba, kai ya fizgu, ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai su tsinke, jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Wani lokaci yaron ya kan tashi ya ce kansa ne ke ɗan ciwo, a ce masa ragwanci ne, a mai da shi fage, faɗuwa ta biyu ta ƙarasa shi. Maganar ta tayar da hankalin iyaye ƙwarai, musamman da ya ke cikin 2012 Gwamnatin Japan ta wajabta koyar da irin waɗannan wasanni na gargajiya a ƙananan makarantun sakandare, sai da aka tsananta horon masu koyarwa. Faransa kuwa, inda masu rajistar judo suka fi na Japan yawa, tun cikin 1955 ta yi doka cewa ba mai koyar da judo don a biya shi sai da takardar shaida ta hukuma. Wasa ɗaya ne a ƙasashen biyu, bambancin yana ga wanda aka danƙa wa yaran.

Don haka hedimasta ko uba, kafin ya sa hannu, ya tafi da ƙafarsa ya zauna ya kalli darasi guda tun daga fari har ƙarshe. Ya tambayi mai koyarwa inda ya koya, da wanda ya ba shi ɗamara, da ko yana da rajista da ƙungiyar wasan ta jiha ko ta ƙasa, gama baƙar ɗamara a kasuwa ma ana sayar da ita. Ya duba ƙasan wurin, ko akwai katifa ko dai siminti ne aka shimfiɗa wa leda. Ya lura ko ana haɗa ɗan shekara 12 da ƙato mai gemu. Ya ga ko akwai randa ko tulun ruwa kusa, don mai hana yara shan ruwa cikin zafin bazara wai yana koya musu juriya, jahili ne, kuma zafi kaɗai yana kisa. In ya ga mai koyarwa yana dukan yara don sun yi kuskure, ko yana kayar da su don ya nuna wa 'yan kallo bajinta, sai ya kama hannun ɗansa su tafi. A kuma kafa ƙa'ida guda wadda ba ta da togiya, yaron da kansa ya bugu ya bar wasa ran nan, in kuwa ya yi amai, ko jiri, ko barci ya riƙa fizgarsa, a kai shi asibiti nan take, kada ya koma sai likita ya yarda.

Mun san wani zai ce, ina dalilin zuwa Japan alhali ga dambe ga kokawa a ƙofar gida? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma rabinta mun karɓa. Kokawa makaranta ce sosai. Tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafafunsa, da sanin inda nauyin abokin karawa ya karkata, kuma a kan yashi a ke yinta, ba a bukatar riga ko katifa. Makwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗaukaka ta har suka kafa gasar ƙasa tun 1975, aka fara a Tawa, ga shi yanzu zakaran da ya ci ya kan tafi gida da takobi. Mu a nan mun bar ta ga yaran ƙauye bayan girbi, makarantunmu suna ƙyamarta kamar wani abin kunya. Makarantar da ba ta da halin sayen katifa, ta zuba yashin rafi a bayan aji, ta nemo tsohon ɗan kokawa mai hankali, ta ga abin mamaki. Dambe kuwa, duk da son da mu ke yi masa da kiɗansa da kirarinsa, ba mu ga wurinsa a makaranta ba. Hannu ne a ke naɗewa da kara har ya yi tauri, kai kuwa shi a ke nema, ba a cewa an yi kisa sai mutum ya kai ƙasa. Kan da mu ke wahalar cusa wa lissafi da safe bai kamata a miƙa shi ga wannan da yamma ba.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace nauyi, wadda mu ke roƙon malamai su faɗa wa almajiransu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Babu wata dabara, ta Japan ko ta Koriya ko ta kakanninmu, da ke mai da hannu banza daidai da wuƙa. Abin da yara su ke gani a majigi, mutum ɗaya ya watsa goma masu makamai, shiri ne, an biya goman nan don su faɗi. Ɗan daba ba ya zuwa shi kaɗai, ba ya zuwa ta gaba, ba ya jira a shirya, sau da yawa ma ba ya cikin hayyacinsa. Ƙwararrun masu koyarwa da kansu su kan gwada almajiransu da alli ko tawada a maimakon wuƙa, sai a ga rigar gwani duk ta yi zane kafin ya kai ga kama hannun. Haɗarin da mu ke tsoro shi ne na yaron da ya yi wata uku yana koyo, ya fara jin kansa, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Jiya da aka tare shi da ya miƙa waya ya tsira, yau sai ya gyara tsayuwa. Mun daɗe da sanin irin wannan ruɗi a wata kama, wajen masu dogara ga laya da maganin tauri da sagau, waɗanda su kan shiga inda mai hankali ba ya shiga. Kada farar riga da ɗamara su zama sabuwar laya. In abin da a ke nema dukiya ce, a bayar, faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Dabarar da aka koya ranarta ita ce ran da aka riƙe mutum ba hanyar fita, ko a ke neman a ja shi zuwa wani wuri, amfaninta kuwa ya ɓamɓare kansa ya samu zarafin gudu da kururuwa.

Akwai kuma doka, wadda akawunan kotu suka fi mu saninta. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda aka yi cikin 1959 ta fara aiki cikin 1960, ta ba kowane mutum ikon kare jikinsa da na waninsa, amma ta iyakance abin, ba a yarda ya yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke bukata ba. Ma'ana, wanda ya ture mai kai masa hari ya gudu yana cikin haƙƙinsa, wanda kuwa ya kayar da shi sa'an nan ya bi shi da shuri bayan haɗari ya wuce, ya zama mai laifi shi ma. Mai koyarwar da bai taɓa ambata wa yara wannan ba ya bar rabin aikinsa.

Game da 'yan mata, muna ganin sun fi maza bukatar wannan ilmi, su ne kuma aka fi hanawa. Cikin 2015 aka buga sakamakon wani bincike da Malama Charlene Senn ta shugabanta a jami'o'i uku na ƙasar Kanada. An ɗauki ɗalibai mata 893 'yan shekarar fari aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ba su takardun gargaɗi kawai su karanta, ɗaya kashin aka yi musu horo na awa 12. Bayan shekara guda, cikin masu takarda kashi 9.8 cikin 100 ne aka yi wa fyaɗe, cikin masu horo kuwa kashi 5.2, watau kusan rabi ke nan. Abin lura a nan, darussan huɗu ne, ɗaya kaɗai ya shafi dabarun jiki. Sauran sun fi ba da ƙarfi ga gane alamun haɗari tun da wuri, da yarda cewa mai cutarwa galibi sananne ne, da kawar da nauyin baki da ke hana yarinya ɗaga murya ga wanda ta sani. Ba mu ce abin da ya yi aiki a Kanada zai yi daidai haka a Katsina ko Damagaram ba. Amma duk wanda ya san tarbiyyarmu ya san muna koya wa 'ya mace kunya da sunkuyar da kai ga na gaba da ita, abu mai kyau, sai dai mun manta mu gaya mata ranar da ya halatta ta yi ihu ta yi cizo. Sharaɗinmu a nan shi ne mace ta koyar da mata, a wuri killatacce, da sanin iyaye. Sutura ba ta hana, don Hedaya Malak ta ƙasar Masar da ɗankwalinta ta ci lambar tagulla ta tekwando a wasannin Olamfik na 2016.

Waɗansu iyaye suna tsoron kada abin ya mai da 'ya'yansu mafaɗata. Tsoron yana da tushe in mai koyarwa mafaɗaci ne, don almajiri kamar ruwa ya ke, siffar ƙwaryar da aka zuba shi ya ke ɗauka. A hannun mutumin kirki kuwa akasin haka a kan gani. Yaron da a ke kayarwa sau ashirin kowace yamma, har wanda bai kai shi jiki ba ya kan kayar da shi, da wuya ya fita yana neman tsokana, ya riga ya san ƙasa tana da tauri. Duk da haka makaranta ta rubuta a fili cewa wanda ya gwada abin da ya koya a kan ƙananan yara, a kore shi daga horon. Wasu kuma suna ƙyamar sunkuyawar da a ke yi kafin a kama. A wurin mutanen Japan gaisuwa ce, amma uban da zuciyarsa ba ta kwanta ba ya yi magana da mai koyarwa tun ran fari, ba sai an yi nisa ba.

Kada kuma a ruɗi yara game da lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, mai cewa zai mai da yaro gwani cikin mako shida kuɗi ya ke nema. Baƙar ɗamara ta gaskiya ta kan ci shekaru, a wurin masu abin ma alama ce ta cewa mutum ya gama share fage. Kwana biyu ko uku a mako, awa guda ko da rabi, ya isa ɗan makaranta, a kuma dakata in jarrabawa ta matso. Wanda Allah ya ba baiwa hanya a buɗe ta ke. Chika Chukwumerije ya ciwo wa Nijeriya lambar tagulla ta tekwando a Beijin cikin 2008, Abdurrazak Isufu Alfaga kuma ya ciwo wa Nijar ta azurfa a Riyo cikin 2016, ya zama zakaran duniya cikin 2017. Amma waɗannan ɗaya ne cikin dubbai, sauran abin da za su samu shi ne lafiyar jiki, da natsuwa, da iya faɗuwa.

Abin da mu ke nema ga hukuma ba mai tsada ba ne. Ma'aikatun ilmi na jihohi, tare da hukumomin wasanni, su buɗe littafin rajista na masu koyar da waɗannan wasanni, kada a bar kowa ya shiga makaranta ya tara yara sai sunansa yana ciki, ya kuma nuna shaidar ya koyi taimakon farko ga wanda ya ji rauni. Kwalejojin horon malamai, waɗanda da ma suna da sashen motsa jiki, su ƙara darasin faɗuwa da na kokawa, don malamin da aka tura ƙauye ya tafi da abin a jikinsa. Kafin a kai ga haka, nauyin yana wuyan hedimasta. Ya ajiye littafi a ofishinsa mai sunan kowane yaro da ke zuwa horo, da sa hannun ubansa, da ranar da ya fara, kuma duk raunin da aka samu, kome ƙanƙantarsa, a rubuta shi a ciki ran da ya auku.